Yadda Za Ka Ajiye Mota Wata da Watanni Batir Bai Mutu Ba

Motar haya da ke jigila kullum tsakanin Kano da Zariya takan daɗe da batir ɗaya fiye da motar da ke lulluɓe da tamfol a gida, wadda sai Sallah ko ɗaurin aure ake fito da ita. Masu motar ajiya kan ɗora laifin a kan mai shago, su ce jabu ya sayar musu. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, zama ne ya cinye shi.

Masu wannan damuwa suna da yawa. Akwai maniyyacin da zai bar motarsa sama da wata guda, da ma'aikacin da aka mayar Abuja ya bar tasa a Katsina, da manomin da taraktarsa ke tsaye tun daga kaka har faɗuwar damina. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, an ƙaru da waɗanda suka jingine mota suka koma babur ko a-daidaita-sahu. Galibin shawarwarin da ke intanet kuwa an rubuta su ne don ƙasashen sanyi masu wuta dare da rana. Mu zafi ne abokin gabarmu, wutar kuma ba ta da tabbas, don haka dole a sake lissafi.

Abin da ke cin batir a zaune

Batirin mota na gama-gari ɗakuna shida ne cikin akwati ɗaya. Kowane ɗaki yana da farantan dalma a nutse cikin ruwan asid, kowanne yana ba da kusan 2.1V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne). Shi ya sa cikakken batir ke nuna 12.6V zuwa 12.8V, ba 12V cif ba. Duk lokacin da wuta ta fita daga cikinsa, asid ɗin yakan haɗu da dalmar ya bar wani farin gishiri, salfet, a jikin farantan. In an yi caji da wuri, gishirin ya narke ya koma cikin ruwan. In an bar shi makonni, sai ya daskare ya yi tauri, caji ya kasa narkar da shi, wannan ɓangaren farantin ya fita daga aiki ke nan. Batirin da aka bari ya yi wata biyu cajinsa yana rabi zai iya sake nuna 12.6V bayan an caja shi, amma cikinsa ya ƙanƙance, ba zai ƙara ɗaukar abin da ya saba ɗauka ba.

Ta hanya biyu wutar ke zurarewa. Ta farko daga batirin kansa ce, don kamar randar ƙasa yake, ko ba a ɗiba ba tana tsatsafa. A yanayi mai daɗi, wajen digiri 20 zuwa 25, yakan rasa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusa ninka wannan asara. To ka auna motar da ke tsaye a rana a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram cikin Afrilu, lokacin da ko a inuwa ake wuce digiri 40, balle ƙarƙashin bonet. Zafin ba caji kaɗai yake sha ba, yana ƙafar da ruwan batirin yana kuma cin farantan.

Hanya ta biyu ita ce motar. Ko an zare makulli, kwamfutar inji, agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi da na'urar da ke jiran rimot duk suna tsotsa kaɗan-kaɗan. A mota mai lafiya wannan tsotso yakan kasance tsakanin miliamfiya 20 zuwa 50. Ɗauki 50: a yini da kwana ya zama 1.2Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne). Batir mai 60Ah, irin da ke cikin ƙananan motoci da yawa, zai kai rabi cikin kwana 25. In an ƙara tiraka ta bin sawun mota, ko rediyon da mai wayarin ya jona kai tsaye ba ta makulli ba, mako biyu ma ya isa.

Daga nan za ka gane inda al'adar dumama mota ta gaza. A ce yaro ya tayar da ita minti biyar duk Juma'a. Abin da altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, za ta mayar cikin minti biyar, inji yana silo, da ƙyar ya wuce 1Ah, alhali makon ya cinye bakwai ko takwas. Ko kullum ake dumamawa, batirin yana ta reto ne a ƙasa da cika, can inda salfet ke taruwa, ga mai yana ƙonewa a banza. In dole sai da inji za a yi cajin, to a fita da motar titi a yi tafiyar minti 30 zuwa 40. Kada kuma a kuskura a bar inji yana aiki a garejin da ke rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Mataki na farko: auna batirin kafin ka sayi komai

Sayi ƙaramar mita ta masu gyaran lantarki, irin mai nuna lamba. Ba ta da tsada, kuma duk sauran aikin a kanta ya dogara. Murɗa ta zuwa DC 20V, ka ɗora jar waya a kan fozitif mai alamar +, baƙar a kan nagetif mai alamar −. Amma kada ka auna da zarar ka kashe inji, za ta nuna maka lamba mai daɗi ta ƙarya. Bar motar ta kwana, ka auna da safe.

In ka ga 12.6V ko sama, a cike yake. 12.4V kamar kashi uku cikin huɗu ne, 12.2V rabi, 12.0V rubu'i. Ƙasa da haka, a wofi yake ko da fitilun dashbod suna kamawa. Lambar da za ka riƙe a ka ita ce 12.4V: duk batirin da ya zauna ƙasa da ita ya fara lalacewa.

In kana zargin motar tana shan wuta fiye da ƙima, ita ma mitar za ta gaya maka. Kashe komai, rufe ƙofofi, mayar da jar wayar mitar ramin 10A na auna amfiya, ka murɗa mitar zuwa can, cire kan nagetif, ka sa mitar tsakanin kan batirin da wayar da ka cire. Jira minti 20 zuwa 40, don motocin zamani ba sa barci nan take. In lambar ta tsaya sama da 0.05A (wato miliamfiya 50) sosai, akwai ɓarawon wuta, sai a bi fiyus-fiyus ana zarewa ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya sa ta faɗi. Kada ka taɓa murɗa makulli mita tana jone haka, nan take za ta ƙone.

Mataki na biyu: wanka da ruwa

Cire zobe da agogon ƙarfe tukuna. Zoben azurfa da ya haɗa spana da kan batir yakan yi jajawur cikin ƙiftawar ido. Ka sa tabarau ko da na rana ne, ka nisanta da taba da duk wani tartsatsi.

Da spana lamba 10 ake kwance kawunan yawancin batura. Nagetif ake fara cirewa, shi kuma ake mayarwa daga ƙarshe. Dalili shi ne jikin motar gaba ɗaya nagetif ne: in ka fara da fozitif spana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi. Farin garin nan ko kore-kore da ke taruwa a kawunan, ruwan zafi da ɗan jiƙon kanwa yana wanke shi, don kanwa tana kashe kaifin asid. Ka dai tabbata murafan a rufe suke, ɗigon ruwan kanwa kada ya shiga ciki. Goge saman akwatin tas ya bushe. Ƙurar hunturu da ta haɗu da danshin asid a saman batir takan zama siririyar hanya da wuta ke bi tsakanin kawunan biyu. Bayan ka ɗaure, shafa musu man basilin ko giris.

In batirin mai murafai ne da ake buɗewa, leƙa kowane ɗaki. Ruwa ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya. Wanda ya ja ƙasa, ƙara masa tataccen ruwa marar gishiri da ake sayarwa a gora a shagunan batir. Ban da ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse ko na leda, gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Ka kuma tambayi mai shago da kyau, don wasu gorunan asid ne a ciki. Ruwa ne kawai ke ƙafewa, asid ɗin yana nan, ƙara wani asid ɓarna ce. Kafin caji a rufe farantan kawai, sai an gama a cika zuwa alama, don ruwan yakan kumbura. Idan asid ya fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, a wuce asibiti.

Mataki na uku: zaɓen caja

Nan ne aka fi yin asara, don duk abin da ke da jar waya da baƙa sunansa caja a kasuwa.

Akwai babbar cajar masu cajin batir ta bakin titi, mai nauyi da taransifoma. Tana da amfani in ana son tayar da mataccen batir da gaggawa, amma ba ta san ya cika ba. Ka bar batir a kanta kwana biyu, za ta tafasa shi ruwan ya ƙafe. Haka wajen DC 12V da ke jikin ƙananan janareto, shi ma ba ya sarrafa kansa, sai mutum yana tsaye da mita. Akwai kuma ƙananan caja masu arha da ke ɗiga wuta kaɗan ba tsayawa. A ƙasar sanyi ma ana ƙorafi da su, a zafinmu kuwa sannu a hankali suke gasa batir.

Wadda ake nema ita ce mai sarrafa kanta, mai aiki hawa-hawa. Da farko tana tura wuta da ƙarfinta har batir ya kai wajen 14.4V. Sai ta tsaya a nan tana rage turawa har ya ƙoshi. Daga nan ta sauko wajen 13.2V zuwa 13.6V ta riƙe shi, ko ta kashe kanta tana leƙawa, in ya ja ƙasa ta ɗan ƙara. A jikin kwalin za ka ga an rubuta "maintainer" ko "float". Sunayen da suka yi fice su ne CTEK ta Suwidin, NOCO da Battery Tender na Amurka, Victron ta Holan, da OptiMate da masu babura suka fi sani. Akwai na Sin marasa suna masu aiki daidai, akwai kuma waɗanda kwalin kawai ya yi alkawari. Hanyar ganewa ɗaya ce: bayan fitilarta ta nuna kore, alamar ya cika, da yini guda, sa mita. In har yanzu tana riƙe da batirin sama da 14V, ba cajar ajiya ba ce, mayar wa mai shago abarsa.

Kafin ka biya, duba abubuwa kaɗan. Juya bayanta ka karanta wutar da take ci. Wutar Nijeriya da Nijar wajen 220V zuwa 230V ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa da yawa 120V kaɗai suke ɗauka, soket ɗaya ya ishe su ƙonewa. Nemi mai 220–240V ko 100–240V. Sai girmanta: ƙa'idar da aka saba ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batir da yawa. Mai 4A zuwa 5A ta dace da ƙaramar mota, tana caji tana kuma riƙo. Babur mai batir 5Ah zuwa 7Ah, 0.75A zuwa 1A ya ishe shi, cajar mota za ta kumbura shi. Sai irin batirin: motocin da ke kashe inji da kansu a danja galibi batir na musamman mai tambarin AGM ko EFB suke amfani da shi, AGM kuma yana da nasa saiti, wajen 14.7V a caja da yawa.

Abu biyu da ba kasafai ake ambata ba, a ganina su suka fi muhimmanci a wajenmu. Na ɗaya, caja ta tuna saitinta in an ɗauke wuta, ta ci gaba da kanta in an dawo da ita. Akwai masu komawa jiran a danna maɓalli. Ka ga ke nan kana Makka, an ɗauke wuta daren tafiyarka, ita kuma tana nan tana jiran yatsa har ka dawo. Gwada wannan tun a shago: jona, zaɓi saiti, zare daga soket, mayar, ka ga abin da za ta yi. Na biyu, ta zama mai auna zafi. Batir mai zafi ba ya son a cika masa wuta, ana rage kamar 0.02V zuwa 0.03V kan kowane digiri sama da 25. A digiri 40, wannan ya kai 0.3V zuwa 0.45V. Lambar ƙarama ce a ido, amma ita ke raba batirin da aka riƙe da wanda aka dafa. In taka ba ta da wannan, ka tabbata motar a inuwa take, kada kuma ka taɓa zaɓar saitin da ke da hoton ƙanƙara, don shi ƙara wuta yake yi.

Mataki na huɗu: jonawa

Caja tana zare daga soket tukuna. Jar mamatsa a kan fozitif. Baƙar kuwa, in batirin yana cikin mota, gara a maƙala ta a wani ƙarfe marar fenti na jikin inji ko bodi, nesa kaɗan da batirin. Batir mai caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, ba a son tartsatsi kusa da shi. Akwai wani dalilin kuma: motocin zamani da yawa suna da 'yar na'ura a kan nagetif da ke lissafin shige da ficen wuta. In ka maƙala kai tsaye a kan batirin ka tsallake ta, kwamfutar motar ba za ta san an yi caji ba. Motocin da batirinsu ke but ko ƙarƙashin kujera, kamar BMW da Marsandi da dama, suna da wajen jonawa na musamman a ƙarƙashin bonet, yi amfani da shi.

Sai ka sa a soket, ka zaɓi saiti. In za ka kwance, soket ake fara zarewa, sai baƙa, sai ja.

Fito da wayar ta gefen bonet inda ba za ta matse ba, ka ɗora cajar a kan wani abu sama da ƙasa, inda ruwan sama ba ya kaiwa, kada kuma a lulluɓe ta da tamfol. Ka manna takarda a sitiyari cewa akwai waya a jone, don kada wani ya ja mota da caja a rataye. In motar kullum a ajiye take, ɗaure mata 'yar wayar nan mai fiyus da ke zuwa da cajar, mai zobba biyu da ake sawa ƙarƙashin notin kawunan. Daga nan jonawa ta zama kamar cajin waya.

Cikon farko yana ɗaukar lokaci. Batir 60Ah da ke rabi yana bin bashin 30Ah. Caja mai 5A za ta yi awa shida kafin ta kusa, sannan wasu awanni tana ƙarasawa a hankali. Da wutarmu, yana iya zama kwana biyu. Kada ka bar wannan aiki sai daren tafiya. Fara shi saura mako guda, ka riƙa taɓa jikin batirin: ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zare nan take.

Idan wutar ba ta zama

Riƙon batir ba ya buƙatar wuta dare da rana. Abin da mota ke rasawa a yini bai fi 1Ah zuwa 2Ah ba, caja mai 4A za ta biya shi cikin ƙasa da awa guda. Unguwar da ke ganin wuta awa biyu ko uku a rana, ko ma sau uku a mako, ta wadatar, muddin cajar mai tashi da kanta ce. Abin tsoro shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi, don haka a sa ta bayan sitabilaiza ko abin kariya irin na firji. Mai inbata a gida ya huta, ya sa cajar a soket ɗin inbata, abin da take ci a lokacin riƙo bai kai ƙwan fitila ba. Kada dai a haɗa batirin mota kai tsaye da baturan inbata, girmansu da aikinsu ba ɗaya ba ne.

Inda babu wuta sam, kamar gona ko garejin bayan gari, sola ce mafita, rana kuwa Allah ya hore mana. Faranti mai 10W yana ba da kamar rabin amfiya da tsakar rana, a yini ya tara 2Ah zuwa 3Ah, ya ishi ƙaramar mota. Tarakta ko motar da ke da tiraka, a nemi 20W. Sharaɗin shi ne a sa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji, tsakanin faranti da batir. Farantin da ake kira na 12V yana kai 21V zuwa 22V in ba a ɗora masa kaya ba, in aka jona shi tsirara zai yi ta tura wa cikakken batir wuta har ya bushe. A fara jona kwantirola da batir, sannan faranti, a sa ƙaramin fiyus kusa da fozitif. Farantin a kan rufi ko katanga, motar a inuwa. Masu ɗora shi a dashbod suna shanya mota a rana don su ceci batir, zafin da suka jawo ya cinye ribar. Ramin kunna taba ma a motoci da yawa yana mutuwa in an zare makulli, wutar ba za ta isa batir ta nan ba. Lokacin hunturu a sa wani ya riƙa goge ƙurar farantin duk mako.

Idan babu caja, babu sola

Kai batirin a cika shi, sannan ka cire kan nagetif ka naɗe shi da tsumma yadda ba zai koma ya taɓa ba. Ka toshe tsotson mota ke nan, saura na batirin kansa. Lafiyayyen batir zai jure wata ɗaya zuwa biyu a haka cikin zafi, fiye da haka in da sanyi. Ga mai tafiya Hajji, wannan ya isa.

Amma ka san abin da ka saya. Ƙararrawa da tiraka za su daina aiki, ko su koma kan ɗan batirin cikinsu da ba ya daɗewa. Agogo zai goge, wasu rediyoyi za su nemi lambar sirri, gilasan ƙofa na iya buƙatar sabon saiti. Rimot ba zai buɗe ƙofa ba, don haka gwada makullin ƙarfe tun kafin ka cire, musamman a motoci 'yan Kwatano da wani lokaci makullin ƙofa daban yake da na inji. In batirin a but yake kuma but ɗin da lantarki yake buɗewa, kada ka rufe shi sai ka san yadda za ka sake shiga.

In ajiyar ta wuce wata biyu, fitar da batirin gaba ɗaya ka kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan, mai iska, a tsaye, nesa da yara, jarkar fetur da tukunyar gas. Shagon kwano da ke zama tanda da rana bai dace ba. Maganar cewa siminti yana shanye batir kuwa ta zamanin tsofaffin akwatuna ce, na robar yanzu ba ruwansu, sanyin daɓen ma taimako ne. A auna duk mako huɗu, in ya sauko 12.4V a caja.

Babur, tarakta da manyan motoci

Babur yana da kik, shi ya sa ake sakaci da batirinsa har ya mutu murus. Ƙarami ne, ba ya jure zama, cire shi kuma aikin minti biyu ne.

Tarakta ita ce ta fi shan wahala, don hutunta ya faɗo daidai kan bazara. Batirinta babba ne, 100Ah ko fiye, kuɗinsa ba kaɗan ba. Ranar da aka gama aikin kaka a cire shi a kai gida, a riƙa cika shi wata-wata. Wanda ya bar shi a jikinta a fili daga Nuwamba zuwa Mayu, da sayen sabo zai buɗe damina.

Tirela da sauran manyan motoci masu 24V batura biyu ne a jere. Ko a samu caja mai 24V, ko a raba su a caja kowanne shi kaɗai da ta 12V. Na fi son na biyun, don yana tona wanda ya raunana, musamman inda aka saci 12V daga guda ɗaya don rediyo ko cajin waya. Kada a maƙala cajar 12V a kan duka biyun a haɗe.

Batirin litiyam, wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, dokarsa daban. Ba ya yin salfet, ba ya son zama a cike, an fi ajiye shi da rabin caji ko sama kaɗan, a cire. Cajarsa ta musamman ce, saitin farfaɗo da batirin dalma yana iya lalata shi. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Prius kuwa suna da ƙaramin batir 12V ban da babban, shi ne ke mutuwa a zaune, shi ake sa wa caja. Babban ba abin taɓawa ba ne a gida.

Dubawa da ranar fitowa

Ko caja mai wayo ce, a samu mai leƙawa duk mako biyu: fitilarta kore ce, mamatsa ba ta zame ba, ɓera bai ci waya ba. Batir mai murafai a duba ruwansa wata-wata a lokacin zafi.

Ranar da za a fito da mota, cire caja, bar batirin ya huta wasu awanni, ka auna. Sa wani ya tayar kana kallon mita. In lambar ta faɗi ƙasa da 9.6V lokacin da sitata ke juyawa, batirin ya tsufa ko da ya tayar yau. Inji na aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8V da 14.5V a yawancin motoci, wasu na zamani sukan yi sama da ƙasa da gangan. In ya tsaya a 12 da ɗoriya ko ka taka totur, altaneta ce ba ta caji, ba laifin batir ba.

Wani lokaci za ka tarar ya mutu har cajar ta ƙi ganinsa, don masu sarrafa kansu ba sa farawa in wutar ta yi ƙasa ƙwarai. Ana iya jona shi da lafiyayyen batir, ja da ja, baƙi da baƙi, na ɗan lokaci har ya ɗago, sannan caja ta karɓa. Saitin farfaɗowa da wasu ke da shi yana taimakon wanda bai daɗe da faɗuwa ba, amma yana kai wuta sama da 15V, don haka sai an cire batirin daga mota. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake komawa wajen 10.5V bayan caji, ɗaki guda ya mutu a cikinsa, ba cajar da za ta dawo da shi.

Irin wannan a kai shi shagon batir a yi musaya, suna rage kuɗi saboda dalmar. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa. Gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga sarrafa duwatsun zinariya ta fito, amma dalma ce, irin wadda ke cikin akwatin nan. Sabon da za ka saya kuma, sa masa mita tun a kan kanta, don shi ma zama yake yi a shago: in bai kai 12.5V ba, ce a ba ka wani.